In Na'urar Ajiya Ta Tef Ta Ƙi Sakin Aljihunta

Wata rana ɗalibin da ya gama kwaleji shekara 15 da suka wuce zai taso daga Kagoro ko Zonkwa ko Kwoi, ya ce yana son takardar sakamakon jarrabawarsa, domin an ce ba za a yi masa ƙarin girma ba sai ya kawo ta. Ranar nan ba zai tambayi yawan gine-ginen makaranta ba, sunansa da makinsa kaɗai ya ke nema. Kwaleji kamar ta Gidan Waya, wadda aka buɗe a Kafanchan a 1977, ta tara sunayen ɗalibai na fiye da shekara arba'in, ga makin jarrabawa, ga na koyon aikin koyarwa, ga lissafin albashin malamai da na kuɗin makaranta. A da duk wannan cikin fayil-fayil ya ke, gara da ruwan damina suna cin rabonsu. Yanzu yawancin makarantu da bankuna da asibitoci sun mai da irin wannan cikin kwamfuta. Amma kwamfuta ita ma tana mutuwa, ana sace ta, tsawa tana ƙone ta. Saboda haka akan kwafe abin da ke cikinta a ajiye wani wuri dabam, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin yin haka ita ce a kwafe a tef.

Abin da za mu duba a nan shi ne wata matsala da ta kan sami mai lura da irin wannan na'ura. Ya zo ranar Jumma'a zai ɗebi kaset-kaset na mako ya kai ma'aji, ya danna maɓalli, aljihun da ke ɗauke da su ya ƙi fitowa. Na rubuta wannan domin ɗaliban sashen kwamfuta da akawunan ofis, da kuma shugabannin da su kan tsaya a kan yaro su ce lalle sai ya buɗe ta yanzu-yanzu. Ga ganina ɓarnar da a ke yi wa waɗannan na'urori, wadda sukundireba ke yi ta fi wadda tsufa ke yi.

Mene ne tef, me ya sa ba a bar shi ba?

Duk wanda ya taɓa sauraron kaset a rediyo ya san tef. Wani siririn ƙyalle ne na roba wanda aka shafa wa garin ƙarfe mai jin maganaɗisu. Wani injiniya a Jamus, Fritz Pfleumer, shi ya yi rajistar dabarar a 1928, domin ɗaukar murya. A 1951 aka fara ajiye bayanan kwamfuta a tef a Amurka, da kwamfutar nan UNIVAC. Kaset ɗin waƙa da muka sani kamfanin Philips ya fito da shi a 1963. Shi wannan ya tafi, amma ɗan'uwansa na kwamfuta yana nan da ransa.

Irin da a ke aiki da shi yau sunansa LTO. Kamfanoni uku, HP da IBM da Seagate, suka haɗa kai suka tsara shi, ya fito a shekarar 2000 yana ɗaukar gigabait 100. Ana sabunta shi lokaci lokaci. Na biyar, wanda ya fito a 2010, yana ɗaukar terabait 1.5, na tara kuwa, na 2021, terabait 18. Don ku gane yawan nan, a ce hoton shafi ɗaya na takardar sakamako ya ci megabait 1, to kaset ɗaya zai haɗiye shafi miliyan 18, alhali kuwa faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Masu yinsa sun ce in an adana shi da kyau ya kan kai shekara 30. Ban da araha da daɗewa, yana da wata fa'ida da ta fi su. Kaset ɗin da ke kwance cikin kabad ba ya haɗe da waya ko intanet, saboda haka ɓarayin nan masu kulle kwamfutar mutane su ce sai an biya su fansa ba su da hanyar kai masa. Amma wannan fa'ida ba ta samuwa sai an fitar da kaset daga cikin na'ura. Kun ga ke nan aljihun da ya ƙi fitowa ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ke cikin akwatin

Na'urar da mu ke magana wani akwatin ƙarfe ne shimfiɗaɗɗe, a cikinsa akwai abu uku. Akwai injin tef, shi ke karatu da rubutu, kaset ɗaya ya ke ɗauka a lokaci guda. Akwai aljihu mai gurabe inda sauran kaset-kaset ke jira, kamar aljihun tebur a ke jawo shi. Masu sana'ar suna ce masa magazin. Asalin kalmar Larabci ne, daga makhazin, watau rumbuna, ta bi ta Turai ta shiga Turanci, kuma ita ce dai 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram suka karɓa daga Faransanci su ke ce wa sito mangaza. Na uku shi ne wani hannu mai tafiya a kan dogo a tsakiyar akwatin, yana ɗauko kaset daga gurbi ya kai wa inji, in inji ya gama ya mai da shi. Bari mu kira shi ɗan dako, gama aikinsa ke nan.

Girmansu ya bambanta. HP 1/8 G2 tana da aljihu biyu, kowane da gurbi 4. Dell PowerVault 124T tana ɗaukar aljihu biyu masu gurbi 8. MSL2024 gurbi 24 gare ta. Akwai kuma tsofaffin ƙananan na'urori masu kaset irin DDS, wanda Sony da HP suka fito da shi a 1989, kamar DAT 40x6 mai aljihu ɗaya na kaset 6. Ku riƙe bambanci ɗaya tsakaninsu, don zai yi amfani nan gaba. Ƙananan nan na DDS, in an danna maɓallin fitarwa, sai sun mai da kaset ɗin da ke cikin inji gurbinsa tukuna su saki aljihu, saboda haka kaset ɗaya in ya maƙale ya tsare sauran biyar. Manyan kuwa su kan yarda a zare aljihu ko da akwai kaset cikin inji, muddin ɗan dako ba ya cikin tafiya.

Kaset ɗin LTO kuma ya saɓa wa na rediyo. Na rediyo kwarkwaro biyu gare shi, tef na barin wannan yana naɗuwa a wancan, duk a cikin gidansa, don haka ko a tsakiyar waƙa ana iya cire shi. Na LTO kwarkwaro ɗaya gare shi, ɗayan yana cikin inji. A bakin tef ɗin an ɗaura wata 'yar ƙusa. In kaset ya shiga, inji ya kan buɗe 'yar ƙofarsa, ya kama ƙusar nan, ya ja ta ta gaban kan da ke karatu, ya kai ta nasa kwarkwaron ya fara naɗi. Faɗin tef ɗin milimita 12.65 ne, tsawonsa a LTO na farko mita 609, a na tara mita 1,035, watau ya ɗara kilomita ɗaya, kaurinsa kuwa wajen kashi ɗaya cikin goma na gashin kai. To, sa'ad da a ke cikin aiki rabin tef na iya kasancewa a cikin inji, rabi a cikin kaset. Wanda ya fizgo kaset a wannan hali ya tsinka abin da ba ya ɗinkuwa.

Mutanen Kafanchan ba su bukatar doguwar magana kafin su gane dalilin da ya sa na'ura ke ƙin buɗewa. Tun 1927 garin nan ya zama mahaɗar jirgin ƙasa, inda layin Fatakwal da na Kaduna da na Jos suka gamu, kuma gidaje da yawa a nan kakanninsu aikin reluwe ya kawo su. Tsohon ma'aikacin reluwe zai gaya maka akwai wata dabara a ɗakin sigina, wadda wani Bature John Saxby ya yi wa rajista a Ingila a 1856. An sarƙe sandunan da a ke ja da juna, har ya zama ba ka iya ba jirgi hannu sai layi ya daidaita, in kuwa ka ba shi hannu ba ka iya juya layi sai ka janye. Sandar da ta ƙi jawuwa lafiyarta lau, tana faɗa maka ne akwai abin da ba a gama ba. Sakatar aljihun kaset haka aka yi ta. Saboda haka tambaya ta fari ita ce, wa ya kulle, kuma don me?

A fara da ido da kunne

A gaban na'urar akwai ɗan allo da fitilu. A karanta abin da allon ya rubuta, a kwafe shi a takarda harafi da harafi, har da lambobin da ke biye, tun ba a taɓa kome ba. Wannan shi ne abin da mai gyara zai fara tambaya, kuma da zarar an kashe na'ura saƙon na iya gushewa. Sa'an nan a kasa kunne. In ana jin ƙugin inji yana naɗi, ko ɗan dako yana kai da kawowa, to aiki a ke yi, sai a jira.

Jiran nan ya fi yadda mutane ke zato tsawo, musamman a wurinmu inda a ke ɗauke wuta ba sallama. In wuta ta yanke tef yana tsakiya, da ta dawo inji ba ya sanin inda ya tsaya. Sai ya bi a hankali ya naɗe tef ɗin duka ya mai da shi gida, abin da kan ci minti 10, wani lokaci ma fiye. Bayan wannan ɗan dako zai bi gurabe ɗaya ɗaya yana ƙidaya abin da ke ciki. Duk wannan lokaci sakata a rufe ta ke. Mai gaggawa ya ga minti uku sun wuce ba a buɗe ba, sai ya kashe ya kunna, na'ura ta koma ta faro daga fari, ya sāke kashewa, ta sāke farowa. Sauri ya haifi nawa. Har wa yau, a farkon fitowar LTO na tara, sabon kaset ranar da aka fara sa shi cikin inji, sai inji ya auna shi ya daidaita kansa da shi, wannan kuwa ya kan kai awa 2 a lokacin. Wanda bai san haka ba zai rantse ya maƙale.

Kullen da ba a gani

In na'ura tana zaune shiru, ba fitilar kashedi, amma ta ƙi saki, to mafi yawa kwamfuta ce ta kulle ta. A nan ya kamata mu ɗan daɗe, domin nan ne mutane suka fi ruɗewa.

Na'urar tana haɗe da babbar kwamfuta ta waya, kuma suna magana da juna da wani harshe da a ke kira SCSI. A cikin harshen nan akwai wani umurni wanda ma'anarsa ita ce hana cirewa ko yarda da cirewa. Manhajar da ke kwafe bayanai, watau tsarin aikin da aka sa cikin kwamfuta domin wannan hidima, in za ta fara aiki sai ta aika da "hana", don kada wani ya zo ya zare aljihu tana tsakiyar rubutu. In ta gama sai ta aika da "yarda". Tsakanin waɗannan biyu maɓallin gaba ba shi da iko ko kaɗan, ko sau ɗari aka danna.

To, a ce manhaja ta aika da "hana" da ƙarfe biyu na dare, da ƙarfe uku man janareta ya ƙare, kwamfuta ta mutu, amma ita na'urar tana kan batirin da ke riƙe wuta, ba ta mutu ba. Da safe kwamfuta ta tashi ta manta ta taɓa kulle wani abu. Ita kuwa na'ura ba ta manta ba, tana nan tana jiran "yarda" daga wanda ya ce "hana". Kamar mai gadi ne da maigida ya ce masa kada ya buɗe ƙofa sai ya dawo, maigida kuwa ya yi tafiya ya mance. Haka kuma ya kan faru in manhajar ta sandare a tsakiyar aiki. Akwai ma manhajar da ta kan bar na'ura a kulle muddin tana kunne, ko tana aiki ko ba ta yi. In kuma kwamfuta biyu ke amfani da na'ura ɗaya, duk wadda ta kulle sai ta buɗe da kanta, buɗewar ɗaya ba ta isar wa ɗayar.

Maganin wannan a wurin kwamfuta ya ke. A duba ko akwai aikin da ke gudana, ko wanda ya tsaya yana jiran a ba shi kaset. In akwai, a bar shi ya ƙare ko a soke shi ta hanyar da ta dace. Sa'an nan a nemi umurnin buɗewa a cikin manhajar kanta. Backup Exec tana da wurin buɗe kullen na'ura, a Bacula kuwa umurnin unmount ke sakin inji. Masu aiki da Linux suna da ƙananan kayan aiki biyu: mtx status ya kan nuna wane kaset ke cikin wane gurbi da wanda ke cikin inji, mt unlock kuma ya kan janye hanin da ke kan inji. In duk wannan bai yi ba, a tsai da manhajar gaba ɗaya a sāke gwada maɓalli.

Akwai gwaji ɗaya mai raba gardama. A kashe kwamfuta yadda ya kamata, a kashe na'ura, a zare wayar da ta haɗa su, a kunna na'ura ita kaɗai, a jira ta gama ƙidayarta. Kashewa tana share hanin nan, kuma tun da ya ke ba waya, ba mai sāke aiko da shi. In aljihu ya fito yanzu, ƙarfen lafiya ya ke, laifin na manhaja ne, kada a kashe ko kwabo wajen mai gyara. In za a mai da su, a fara kunna na'ura, sai ta natsu kana a kunna kwamfuta.

Wani ƙaramin abu kuma, wasu na'urorin ba su buɗe aljihu daga gaba sai an buga lambar sirri ta mai kula. In wanda ya san lambar an yi masa canjin wurin aiki ya tafi da ita a kansa, an shiga uku a banza. Ya kamata a rubuta ta a rufe cikin ambulan a ajiye wurin rajistara. Galibinsu kuma suna da shafin da a ke shiga ta kwamfuta a ba da umurnin buɗewa daga can.

In abin na ƙarfe ne

In an zare waya an kunna, ɗan dako ya motsa ya yi ƙara ya tsaya, fitilar kashedi ta kama, to akwai abin da ya tare hanya. Babban mai laifi a nan abin raini ne, watau 'yar takardar lamba da a ke mannawa a goshin kaset, mai zane-zanen da ɗan dako ke karantawa. An yi mata ɗan gurbi a jikin kaset, a nan kaɗai ya kamata ta zauna. In aka manna ta a karkace, ko aka ɗora sabuwa bisa tsohuwa, ko wani akawu ya yanko takarda ya rubuta "Sakamakon aji uku" ya liƙa da salatif, zafin cikin akwati zai narkar da gam, gefen takarda ya tashi, ya kama bakin gurbi. Kaset ya tsaya rabi ciki rabi waje, aljihu ba ya gaba ba ya baya. Haka kuma kaset ɗin da aka sa a juye, ko wanda ba a tura shi ya zauna sosai ba.

Na biyu shi ne kaset ɗin da ya taɓa faɗuwa ƙasa. Daga waje ba a ganin kome, amma 'yar ƙusar nan ta bakin tef ta iya gocewa daga mazauninta. Inji ya kai hannu ya kama ta a karkace, ko ya rasa ta. Duk kaset ɗin da ya faɗi, a tura 'yar ƙofarsa da yatsa a leƙa, a ga ƙusar tana tsaye daidai, kanta biyu suna cikin maƙalansu, kafin a yarda ya shiga na'ura.

Sauran kuma na ƙasarmu ne. Masu ƙera na'urorin nan sun ce a yi aiki da su a wuri mai zafin digiri 10 zuwa 35, laimar iska kuma kashi 20 zuwa 80 cikin ɗari. Mu kuwa muna da hunturu, sa'ad da iska ke bushewa ƙura ta shiga ko'ina, fanka na zuƙo ta tana zubawa kan dogon ɗan dako da 'yan idanun da ke gaya masa inda ya ke. Idon da ƙura ta rufe sai ya ce akwai kaset inda babu, na'ura kuwa ta gaskata shi ta ƙi buɗewa. Muna kuma da damina irin ta gindin duwatsun Kagoro, wadda ke sa takarda ta yi laushi, ƙarfe ya yi tsatsa. In aka rufe ofis dogon hutu, zanzaro ba ya ganin rami ya ƙyale, tsaka da kyankyasai kuwa suna son ɗumi. Ban da waɗannan, murfin akwatin ba shi da kauri, in aka ɗora masa batir ko tarin fayil ya kan lotsa ya danne hanyar ɗan dako. Wadda aka kawo sabuwa kuma, ko aka ɗauko daga wani ofis, a duba ko an cire ɗan ƙarfen da a ke sa wa don ya riƙe ɗan dako lokacin tafiya. A na'urorin HP da muka ambata a saman akwatin ya ke.

Buɗewa da hannu

Maƙeran sun san wata rana wuta ko moto za su ƙi, saboda haka sun bar hanya. A HP 1/8 G2 da MSL2024 akwai 'yan ramuka a bayan akwatin, ɗaya domin aljihun dama, ɗaya domin na hagu. Aikin na mutum biyu ne. A kashe na'ura, a zare wayar wuta daga jikinta, kada a dogara ga maɓalli kaɗai, domin ɗan dako in ya motsa yatsa na ciki ba ya tambaya. A sami kilif na takarda a miƙe shi. Mutum ɗaya ya tura shi cikin ramin wajen santimita ɗaya da rabi ya riƙe, ɗayan yana gaba ya jawo aljihu a hankali, hannu ɗaya a ƙarƙashi don yana da nauyi. In kilif ya ci karo da abu, kada a ƙara ƙarfi. A wasu na'urorin ramin ba a baya ya ke ba, sai a duba littafin da ya zo da ita, in ya ɓata akwai shi a shafin kamfanin a intanet.

In aljihu ya taso kaɗan ya cije, a tsaya nan. Ma'anarsa akwai kaset da ya gitta tsakanin gurbi da ɗan dako. A zare ɗaya aljihun, a haska tocila ta wurin, sau da yawa za a hango shi, a tura shi da yatsa ya koma gurbinsa. Sakatar da haƙoran da ke ciki na roba ne, wanda ya sa sukundireba ya ɓanɓara zai fitar da aljihu, amma ba zai sāke rufuwa ba, kayan gyaransa kuwa ba a samunsu a kasuwar Kafanchan, sai an aika Legas ko ƙasar waje.

Saura kaset ɗin da ke cikin inji kansa. Yawancin na'urori suna da umurnin fitarwa ta tilas, a wasu daga allon gaba, a ƙananan na DDS kuwa ta danne maɓallin fitarwa na ɗan lokaci. Ku sani wannan yana da hasara, abin da inji ke riƙe da shi bai rubuta ba tukuna ya tafi, kuma kwafin daren nan ba abin dogara ba ne, sai an sāke shi. In an gwada sau ɗaya ko biyu bai fito ba, ko aka hango tef ya warware a ciki, to aikin ya wuce na ofis. Kada a ja, kada a sa almakashi. Sai a tambayi kai, abin da ke cikin kaset ɗin nan akwai shi wani wuri? In kwamfuta tana lafiya, ga kuma kaset na makon jiya, to hasarar kaset ɗaya ce, mai sauƙi. In kuwa shi kaɗai ya rage, to ya fi injin daraja nesa ba kusa ba, sai a gaya wa mai gyara tun da fari cewa tef a ke so ya tsira ko da inji zai salwanta.

Kafin a ɗora na'ura a mota zuwa Kaduna ko Jos, a kwashe dukan sauran kaset-kaset, a mai da ɗan ƙarfen nan mai riƙe ɗan dako. Abin da ke ciki asirin mutane ne, sunaye da ranar haihuwa da maki da lambar asusun banki, kuma tun 2023 akwai dokar ƙasa ta kare bayanan jama'a wadda ta ɗora wa mai ajiye su alhakin tsaronsu. Wanda ya maƙale a ciki, a rubuta lambarsa, mai gyara ya sa hannu ya karɓa, a dawo da shi ko da a tsinke ne. In na'urar tana cikin garanti, a tuntuɓi wanda ya sayar kafin a kwance ko da noti ɗaya.

In aljihu ya fito lafiya, a bi kaset-kaset ɗaya ɗaya, a ware mai tasasshiyar takarda da mai tsagewa da mai gocacciyar ƙusa. A tabbata kuma duk irin da injin ke karɓa ne, gama injin LTO na takwas ba ya karanta kaset na shida, na bakwai da na takwas kaɗai ya sani. In fitilar shara ta kama a sa kaset ɗin shara, wanda ke aiki har sau 50, a riƙa yin alama a jikin akwatinsa kowane sawu, kada kuwa a sa shi in inji bai nema ba. Kaset ɗin da aka ɗauko daga ɗaki mai sanyi ko daga cikin mota mai zafi, a bar shi ya kwana a ɗakin na'ura, awa 24, kafin a sa shi. Sa'an nan a mai da aljihu, a tura har a ji sakata ta kama, a bar ɗan dako ya yi ƙidaya, a sa manhaja ita ma ta sāke tata ƙidayar, don abin da ta sani game da gurabe ya riga ya tsufa. Daga nan a zaɓi fayil ɗaya, a ce sakamakon wani aji na bara, a umurci manhaja ta dawo da shi daga tef zuwa wani wuri dabam cikin kwamfuta, a buɗe shi a gwada da na asali. In sun yi daidai, a ɗauki kaset-kaset na makon a kai su wani gini dabam, a jera su a tsaye cikin akwatunansu, nesa da taga da lasifika da duk wani abu mai maganaɗisu.